Dattijon da Ya Zama Turken Eriya

A kan tudu, inda ruwa ke dukan duwatsu a karkace, wani dattijo na durƙushe ƙarƙashin tamfol. Hannu ɗaya na riƙe da doguwar sandar eriya da iska ke neman ƙwacewa, ɗayan na danne da makirufon rediyon oba-oba. Ya manto igiyar ɗaure sandar a gida, sai shi ya zama turke. Ko gilashin idonsa ba ya iya gogewa.

Wata murya daga ƙetaren teku tana zuwa tana ɓacewa. A ƙa'idar masu sha'awar kiran juna ta rediyo daga nesa, ba a gana ba sai kowa ya faɗi lambar rediyon ɗan'uwansa daidai, kuma mutumin can bai gama kama ta dattijon ba.

"Baba, sauko mu tafi," in ji 'yarsa daga cikin mota. "Ko jira kake tsawa ta amsa maka?"

Yana jin ta sarai, gwiwoyinsa ma sun goyi bayanta. Amma in ya saki sandar, muryar ta tafi ke nan. Wataƙila tun da ya bar aiki, ba mai roƙonsa ya maimaita magana.

"Maimaita, aboki," in ji muryar.

Ya ƙara damƙe sandar.