Jijiya Biyu a Gwiwa Ɗaya

Na manta lambar motar da na tuƙa shekara tara, na manta fuskokin mutane da yawa, amma ranar da na gyara wa wani bawan Allah Hausa a gadon asibiti ba za ta fita daga raina ba. Ko na so mantawa, gwiwata ta hagu tana tuna mini duk asuba.

Wajen ƙarshen mulkin soja ne, kafin farar hula su karɓa. Ina zaune a unguwar Dilimi cikin Jos da matata, ina jan babbar motar wani Alhaji, ina kwaso dankalin turawa daga ƙauyukan bayan Vom zuwa kasuwa. Ban iya komai ba sai tuƙi, kuma ba na son iya wani abu. Wata rana da damina na hau saman lodi in duba igiya, da zan sauko na yi ƙyuyar bin tsani na diro. Ƙafata ta nutse a taɓo ta tsaya cak, jikina ya juya. Na ji ƙas a cikin gwiwa, kafin la'asar ta kumbura ta yi suntum.

A asibiti likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa. Ya murɗa ƙafar nan hagu da dama har na ga taurari, ya yi dogon bayani da Turanci, sannan wani nas ɗan ƙasar nan ta duwatsu ya juyo zai fassara mini. Hausarsa irin ta kasuwar Jos ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Oga direba, likita ya ce jijiya ya tsinke. Kuma na ciki ma, jijiya ya tsinke."

Ina cikin azaba, amma bakina bai mutu ba. Na ce, "Ta tsinke ake cewa, malam. Kuma na ji tun farko, ba sai ka maimaita ba."

Ya yi murmushi. "To, ta tsinke. Amma biyu ne fa. In an cire siminti ka dawo."

"Na ji, wata biyu," na ce, na juya masa ƙeya.

Ni a tunanina harshe ne ya harɗe masa ya faɗi abu ɗaya sau biyu. Ban tambaye shi biyun me ba. Ina ni ina tambayar wanda na raina wa Hausa? Suka naɗe ƙafar da farin simintin nan na asibiti tun daga cinya har idon sawu, na koma gida na kwanta.

Wata biyun nan sun gajiyar da ni fiye da kowace tafiya. Ina kwance ina jin kukan motata tana wucewa a hannun wani, don Alhaji ya ce zai riƙe mini kujerar har in warke, amma dankali ba ya jira. Ranar da aka fasa simintin, likitan ba ya nan. Aka ba ni kati aka ce in dawo mako mai zuwa. Na taka ƙafa na ji ta tsaya, sai na jefa katin a aljihu. Matata ta ce, "Maigida, ka koma mana su duba." Na ce mata jijiya ɗaya ce ta tsinke kuma ta ɗinke, me zan je in yi?

Na koma tuƙi. Gwiwar ta riƙa kumburi duk yamma, tana mini wani suka daga can baya idan na durƙusa, ni kuwa sai man zafi da ruwan ɗumi. Na kusa shekara ina ɓoye ɗingishi. Wanda bai taɓa taka kulocin babbar mota ba ba zai gane ba, da dukan ƙarfin ƙafar hagu ake danna shi, sau ɗaruruwa a wuni.

Ranar da asiri ya tonu Alhaji yana zaune a gefena. Muna hawan wani tudu da cikakken lodi, na danna kuloci zan sauya giya, sai gwiwar ta saki kamar ba tawa ba. Mota ta mutu ta fara ja da baya. Allah ya taimake ni na take birki da dama, muka tsaya taku kaɗan daga wasu mata masu ɗauke da itace. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya dubi ƙafar tawa, sannan ya ce, "Malam, ba ni makullin nan. Rayukan mutane ne." Na zare na miƙa masa.

Da na koma asibiti nas ɗin nan na tarar, ya kuma gane ni. Ya karanta katin ya girgiza kai. A cikin gwiwa, in ji shi, akwai guringuntsi da ke zaune tsakanin ƙashi da ƙashi kamar gammo, kuma yana da saiwa da ta kafe shi. Jijiya ta farko ita ce mai ɗaure gaɓa, siminti ya gyara ta. Ta biyun saiwar nan yake nufi, irin jijiyar itace, ita kuwa sai an yi aiki.

"Na ce maka biyu ne, oga. Gammo ya zame, ƙashi yana cin ƙashi tun bara."

Wannan karon ban gyara masa ko harafi ba. Aka yi aikin, aka cire abin da ya rage na guringuntsin, amma ƙafar ba ta sake ɗaukar kuloci ba. Sauran shekaruna a benci na yi su a tasha, ina rubuta sunayen fasinja ina kallon wasu suna tayar da mota.

An ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa na ɓata a kalmar da na sha a nono. Tun daga ranar, duk wanda ya faɗa mini abu sau biyu ba na duba yadda ya faɗa, sai in ce masa, na biyun me kake nufi? Da na yi wa nas ɗin nan wannan tambaya, da makullin bai bar hannuna ba.