Takalmin Maigidanta

A bakin tashar jirgin ƙasa ta Multan wata mata tana tsaye gaban Barkat mai gyaran takalmi, ta kawo baƙin takalmin maza a goge. Mayafinta ya koɗe, yatsunta duk sawun allura. Ina jin ɗinki ne ke riƙe da gidanta.

Barkat yana jujjuya takalmin. "Baiwar Allah, ai ko ƙura babu. Mai shi a sama yake tafiya?"

"Na maigidana ne. Shekara biyu yana kwance. Duk Juma'a nake shafa wa fatar mai kada ta tsage. Gobe likita zai gwada tsayar da shi."

Barkat ya ɗauki wuƙa, yana kankare ƙasan takalmin a hankali don kada ya yi santsi.