Jarfar Indiya a Gadon Bayana

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon jinya a kudancin Indiya Inna ta rasu. Da la'asar ɗin can yayata ta kira ni daga Kademi, ina tsaye a layin shayi. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Sai haƙuri, Inna lokaci ya yi. Yanzu maza suka dawo daga kai ta." Na ce to, na kashe wayar, na karɓi shayin na shanye tas, har yau ban san dalili ba.

Ban zo ta'aziyya ba, Baba ya ce in zauna in yi karatuna, addu'a ba ta da nisa. Na zauna, amma karatu ya ƙi shiga. Abin da ya fi damuna shi ne ba ni da komai nata. Inna ba ta yarda da hoto, da ka ɗaga waya sai ta ja mayafi. Bayan wata uku na fara laluben fuskarta a raina ina rasawa. Abin da kawai ya tsaya mini shi ne jarfarta, 'yar baka a gefen bakinta da ɗigo uku a haɓa, waɗanda wanzami ya yi mata tana budurwa a Toranke, garin iyayenta. Takan ce da baƙin tukunya aka shafe tsagar, kuma kwana biyu ba ta iya dariya ba.

Wanda muke ɗaki ɗaya da shi Ba'indiye ne, mai kirki, shi ya riƙa tilasta mini cin abinci a kwanakin nan. A damtsensa akwai rubutu baƙi, sunan kakansa. Wata rana na tambaye shi ko da ciwo. Ya dube ni, ya gane inda na dosa, ya ce, "Addininku bai hana ba?" Na ce ya hana. Na sani sarai, tun a islamiyya aka karanta mana. Sai dai a lokacin zuciyata ta bushe, na riƙa gaya wa kaina ai ita ma Inna da jarfarta ta yi sallah shekara hamsin.

Ranar wata Asabar ya raka ni wani shago a saman bene, kusa da masu sayar da furanni. Mai zanen ya miƙo mana wani kundi mai kauri, duk hotunan fatun mutane. Yawancin rubutun da Sansakirit ne, tsohon harshen da littattafan addininsu suke ciki, kusan yadda Larabci yake a wurinmu. Baƙaƙen suna rataye ne a jikin wani layi da aka ja a samansu, kamar shanya a igiya. Na daɗe ina buɗe shafuka. Na nuna wata alama mai lanƙwasa da na sha gani a jikin motocinsu, abokina ya dafe shafin da tafin hannunsa.

Ya ce, "Wannan ba taka ba ce, ta ibada ce. Wannan ma, da wannan, duk addu'o'inmu ne. Idan ka sa su ka cuci kanka, mu ma ka cuce mu."

Ya karanta mini kalmomin da ba ruwansu da bauta: haƙuri, salama, gaskiya, ƙarfin zuciya. Babu wadda ta taɓa ni. Na ce, "Yaya ake cewa uwa?" Ya ce, "Mata," ya ja wasulan duka biyu. Na yi dariyar da na kwana biyu ban yi ba, na gaya masa abin da kalmar take nufi a Hausa. Ya rubuta mini ita a takarda, 'yar gajeriya ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Mai zanen ya ce za ta yi kaɗaici ita kaɗai, ya nuna mini wani fure da suke ji da shi ƙwarai. Ina ganinsa na ce ai wannan bado ne. Shi ne ke rufe kududdufin bayan gidan kakannina da damina, inda Inna takan hana mu shiga. Na ce a sa shi a ƙarƙashin kalmar.

Zaɓen wurin ya fi zaɓen zanen ba ni wuya. Mai zanen ya ce wuyan hannu ya fi kyau, kullum ina kallonsa. Na tuna alwala a bakin masallaci, hannun riga a naɗe har gwiwar hannu, na ce a'a. Damtse kuma, duk wanda ya yi noma ya san da singileti ake yinsa. Ƙirji na so, saitin zuciya, sai na tuna wuyan rigunanmu a buɗe yake idan maɓalli ya fita. Na ce ko cinya, abokina ya girgiza kai ya ce a wurinsu ba a kai kalma mai daraja ƙasan cibiya, ba a ajiye uwa a inda ake zama. Muka yi ta zagaya jikina da baki kamar masu rabon gona. Daga ƙarshe na zaɓi gadon baya, ɓangaren hagu, ƙasa da allon kafaɗa, inda ko singileti zai rufe.

Na kwanta rub da ciki, injin yana ƙugi kamar zanzaro. Awa ɗaya da ɗoriya aka yi. Na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar, mai zanen ya ɗauka zafin allura ne. Da aka gama ya haɗa mini madubi biyu na gani. Sai a hanyar komawa na lura da wautata: na sa abin tunawa a inda ni ba zan taɓa ganinsa da idona ba, sai dai wani ya gani.

Na gama karatu na dawo gida. Aikin gwamnati bai samu ba, na riƙa taimaka wa wani mai kemis a cikin Gaya, da damina kuma ina gona tare da Baba. Mutanen Kademi suka laƙaba mini likita, duk mai zazzaɓi ƙofar gidanmu. Idan liman ya yi tafiya wani lokaci ni ake turawa gaba a sallar azahar. An kuma yi maganar aure tsakanina da 'yar kawuna ta Toranke, mun daidaita da ita tun kafin manya su shiga, har an kai kaya. Shekara biyu ba wanda ya ga bayana. Wanka a rufe, barci da riga, ko zafin bazara ya kai ina.

Da kakar shekara ta uku, muna ɗaukar dammunan dawa, bayana ya riƙe. Na sha magunguna, bai saki ba. Wata safiya na fito zaure na tarar Baba ya kira wanzamin gidanmu, dattijon da ya yi mini kaciya, ya baje ƙahonninsa a tabarma. Maƙwabta biyu suna zaune suna jiran aski.

Baba ya ce, "Zauna a yi maka ƙaho. Mataccen jini ne, ƙwayoyinku ba sa fitar da shi."

Na ce, "Baba, ai na ji sauƙi."

"Ka ji sauƙi kake tafiya kamar tsohuwa? Cire rigar."

Ban taɓa yi masa musu sau biyu ba. Na juya baya, na cire. Wanzamin ya kai hannu zai shafa ruwa, sai hannun ya tsaya. Na ji ya jawo rigata yana ƙoƙarin yafa mini, Allah ya saka masa, amma ina, an riga an gani.

Baba ya ce, "Mene ne wannan?"

"Rubutu ne, Baba."

"Na ga rubutu ne. Na su wa?"

"Na Indiyawa. Ana karanta shi mata, ma'anarsa uwa. Saboda Inna na yi."

Ya ce, a hankali, "Uwarka addu'a take buƙata. Ita jahilci ya sa aka tsaga mata fuska tana yarinya, kuma ta mutu tana istigfari a kai. Kai da saninka ka kwanta." Ya sa takalminsa ya fita. Ranar ba a yi ƙahon ba.

Kafin la'asar magana ta gama gari, kuma ta sauya kama a hanya. Wasu suka ce sunan gunki ne. Wasu suka ce na bar addini tun a can, sallar ido nake yi. Waɗanda suka ji kalmar a bakin maƙwabtan nan suka ce ai da bakinsa ya faɗa, mata ya rubuta, wata ce ya ajiye a Indiya. Da na shiga sahu ranar Juma'a, mutumin da ke damana ya matsa, ya bar tazarar da akuya za ta wuce. Wani ya tashi ya tambayi liman ko za su rama sallolin da suka bi ni.

Na je na sami wani malami a Gaya wanda ba ya tsoron faɗin gaskiya, na kwashe komai na gaya masa. Ya ce na yi saɓo, in tuba. Ya ce alwalata da wankana suna nan daram, tunda tawadar a ƙarƙashin fata take, kuma idan cirewa za ta cutar da ni in bar shi. Na roƙe shi ya zo ya gaya wa Baba, ya kuwa zo har gida. Baba ya saurare shi da ladabi, ya raka shi bakin hanya, ya dawo ya wuce ni a zaure kamar turmi aka ajiye.

Bayan mako biyu kawuna ya zo daga Toranke a kan babur, da akwatin kayan a ɗaure a baya. Ya kira ni gefe, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Ɗan nan, ni na san ɗan wa kake, 'yar'uwata ce ta haife ka. Amma ina zaune da mutane. Ba zan iya jin ana cewa na ba wa mai rubutun arna 'yata ba." Na ce, "Kawu, idan na cire fa?" Ya ce, "Cire tukuna." Yarinyar kuwa ta kira ni sau ɗaya, ta ce, "Da ni ka fara gaya wa." Ta kashe.

Wannan "cire tukuna" na riƙe. Na san akwai na'urar da ke goge irin wannan a manyan asibitoci, na kuma san sai an yi ta zarya wata da watanni, ni kuwa gani nake kowace rana ƙasa tana zamewa a ƙarƙashina. Na koma wurin wanzamin. Ya ce shi bai taɓa cire jarfa ba, iyakarsa yi. Na nace, na yi masa magiya, har ya yarda don tausayi. Ya kankare wurin da aska, ni kuma na ba shi wani ruwan magani mai cin fata da na ɗauko a kemis ya ɗiga. Ni da na karanta jinya na san abin da zai biyo baya, na yi kamar ban sani ba.

Wurin ya ruɓe. Na yi kusan wata biyu a kwance rub da ciki a ɗakin yayata, ita ke wanke mini ciwon safe da yamma, tana yi tana share hawaye da gefen zani. Da ya warke sai ya tashi tudu, tabo mai sheƙi, faɗin tafin hannu, yana ƙaiƙayi idan na yi gumi, yana ja idan na ɗaga hannun hagu. Na tambaye ta ko zanen ya fita. Ta ce furen ya tafi, amma layin sama da rabin baƙi ɗaya suna nan a gefen tabon. Na aika wa kawu cewa na cire. Amsar da ta dawo ita ce an riga an ba da yarinyar ga wani ɗan Ajingi, bayan sallah za a ɗaura.

Na tattara na koma Gaya da zama, na kama ɗaki a bayan kemis ɗin. Nan mutane ba su damu sosai ba, ko kuma sun iya ɓoyewa. A Kademi an daina kirana likita, masu zazzaɓi suna wuce ƙofarmu su hau babur zuwa wani wuri. Abokina na Indiya ya yi ta aiko saƙo yana tambayar lafiyata, na kasa ba shi amsa, don ban san yadda zan gaya masa ba tare da ya ɗora wa kansa laifi ba. A hankali ya daina.

Bara ciwon sukari ya kwantar da Baba, aka rubuta masa allura kullum. Yayata ta kira ni, na zo da gudu da kayan aikina. Na yi sallama a ƙofar ɗakinsa, ya amsa, don bai taɓa ƙin amsa sallamata ba. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Na durƙusa na gaishe shi, na zuƙi maganin a sirinji, na kama damtsensa. Ya zare hannunsa a hankali, ya dubi yayata.

Ya ce, "Ki kira yaron asibitin nan na Balan."

Ta ce, "Baba, ga ɗanka, aikinsa ne fa."

Ya ce, "Na gan shi." Ya juya fuskarsa bango.

Ma'aikacin ya zo bayan azahar, ni na tsaya a zaure na gaya masa adadin da za a yi. Da zuwansa kullum ya gagara, sai na koya wa yayata yin allurar, ta yi ta gwadawa a jikin lemo har hannunta ya faɗa. Yanzu duk Juma'a nakan zo Kademi da maganin mako a cikin kula mai ƙanƙara. In gaishe shi daga bakin ƙofa, ya ce lafiya lau, in koma zaure in zauna. Yayata ta fito ta gaya mini yadda ƙafar take, in gaya mata abin da za ta yi. Makon jiya ta ce yatsansa ɗaya ya fara baƙi. Na roƙe ta ta ɗauko mini hotonsa a waya in gani, ta shiga, ta daɗe, ta fito ta ce ya ja bargo ya rufe.