Wanda Ya Buɗe Ambulan Ɗin Yaya Bube

Da daminar bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Bube magini. Mutanen Ƙaura Namoda da dama suna tuna shi da faɗan gaskiya da tsohon babur ɗinsa mai ƙara. Ni kuwa, ƙanwarsa da ya yi wa aure da hannunsa, duk shekara idan ruwa ya sauka, mutumin da ya sayar da shi nake fara tunawa.

Yaya Bube ƙaramin ɗan kwangila ne. Ajujuwan makaranta yake ginawa, da kwalbatoci, wani lokaci rijiya. Da aka yi shelar za a gina gada a kan wani rafi da ke raba ƙauyukan Zurmi da babbar hanya, ya shiga nema. Ƙa'idar a fili take: kowa ya rubuta farashinsa ya liƙe a ambulan, ba mai gani sai ranar da za a buɗe a gaban kowa. Ambulan ɗin kuwa suna hannun sakataren kwamitin, abokin Yaya tun suna yara. A gidanmu ya sha cin tuwon Inna, shi ya sa Yaya ya miƙa nasa hankali kwance.

Ranar buɗewa wani baƙon ɗan kwangila ya ci, da farashin da ya gaza na Yaya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Yaya ya ce rabo ne. Sai da aka kwana biyu, ranar kasuwar Shinkafi, wani dillalin shanu ya ji mutumin yana fariya a rumfar mai shayi, wai tun kafin ya rubuta nasa an karanta masa na kowa.

Da dillalin ya kawo masa labari, Yaya ya tafi har gida ya sami abokin nasa.

"Kai ka buɗe min ambulan?"

"Haba Bube, mi na na tashin hankali? Kowa hakanga yaka yi. Wani aiki na nan tahe, naka ne."

"Riƙe abinka," in ji Yaya. Bai sake gaishe shi ba har ya bar duniya.

Ya kai ƙara, aka ce ya kawo shaida. Dillalin ya ji tsoro, ya ce shi bai ji komai ba. Aka gina gadar, yashi ya fi siminti yawa, rodi kamar tsinken tsintsiya. A damina ta uku Yaya yana dawowa daga Zurmi a motar haya, suna tsakiyar gadar ta karye da su. A can ƙasa, cikin gonar dawa, aka tsinci gawarsa washegari. Sakataren ya zo ta'aziyya, ya zauna a tabarmarmu, har da share hawaye.

Yanzu an ce an gyara, wai ta kwamfuta ake neman kwangila a wurare da yawa, babu mai leƙa na wani. Na san abin da Yaya zai tambaya da yana raye: wa ke riƙe da kwamfutar, kuma an taɓa ɗaure wanda ya tona farashin wani? Ni dai ban taɓa ji ba. Sakataren na wajenmu ya yi ritaya lafiya lau, ya gina bene, yana sahun gaba a masallaci.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce ya zo wurin Inna, ya durƙusa, ya ce a yafe masa "abin da ya wuce". Ko sunan abin ya kasa faɗa. Inna, da idonta ya mutu yanzu, ta juya fuska wajen muryarsa.

"Ni ba ni da abin yahewa. Wanda ka cuta na kabari. Tai ka same shi."

Malamai sun yi mini nasiha, na kuma saurara. Na san yafiya ta fi. Amma ba ni aka ci amana ba, kuma ba zan yi kyauta da haƙƙin mamaci ba. Ina so mutumin nan ya yi tsawon rai da hankalinsa, ya riƙa jin labarin nan a bakin mutane duk inda ya zauna. Duk wanda ya tambaye ni halinsa, don auren 'ya'yansa ne ko don wani muƙami, zan faɗa masa dalla-dalla.

Ajujuwan da Yaya ya gina a Badarawa suna nan, ko tsagewa ba su yi ba, yara na karatu a ciki. 'Ya'yansa sun girma ba wanda ya taɓa nuna su da yatsa. Allah Ya jiƙan Yaya Bube, Ya haskaka kabarinsa. Shari'arsa da abokinsa kuwa tana gaba, a wurin da ba a neman dillali ya zo shaida.