Kawu, Sakan Ɗaya Kawai

Ina aji uku a sashen zane-zane aka ce kowa ya zaɓi kyamarar da zai yi furojet da ita. 'Yan ajinmu suka yi wawaso a kan ƙananan nan masu rataya a wuya. Ni kuwa, uwar iyayi, sai na nuna wani tsohon akwati a saman kabad ɗin sito, mai wuya kamar zugazugin maƙera, da ƙafafu uku na katako. Mai sito ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke, wannan fa ta girmi babanki." Ni dai na sa hannu na kinkimi abata. Kafin in kai get na tura wa kowa tes cewa yarinya ta haye. Lokacin nan waya ta shigo hannunmu, babban yatsana ko kallon madannai ba ya yi.

Ranar Asabar na hau acaɓa da ita daga Samaru zuwa Sabon Gari, gidan Kawu, don kawai in yi burga. Kawu wan mahaifiyata ne, tsohon hedimasta, a hannunsa na yi sakandare. A shekarun nan ciwon karkarwa ya kama shi, hannu na rawa, kai na kaɗawa kamar mai cewa a'a. Matarsa, da muke kira Mama, takan ce, "Tunda na aure shi bai taɓa ce min a'a ba, yanzu ne kan yake ramawa."

Yana ganin akwatin ya ƙura masa ido. Sai ya nuna bangon falo, inda hoton mahaifinsa yake, tsoho zaune a kujera, hannu a gwiwa, kana iya ƙirga zaren rigarsa.

"Da irin wannan aka ɗauke shi," in ji Kawu. "'Yar nan, ki yi min irinsa, a rataye kusa da shi. In na tafi shi za a buga a takardar jana'iza. Ba na son a ciro na katin fansho."

Na ce, "Haba Kawu, wannan ai ƙaramin alhaki ne! An gama."

Ko fim ɗinta ban taɓa gani ba fa.

Na sha yawon situdiyo, kowa sai ya yi dariya ya nuna min gaba. A ƙarshe aka kai ni wajen wani dattijo a bayan kasuwa, wanda ya daina ɗaukar hoto ya koma yin firam. Ya ciro wani kwali daga ƙasan akwatin ƙarfe. Fim ɗin irin wannan kyamara falle-falle ne, kowanne kamar tafin hannu, falle ɗaya hoto ɗaya. Huɗu suka rage masa, su ma lokacinsu ya wuce.

"Baba, huɗu kawai?"

"Huɗu ne a duk garin nan, in kin samu na biyar ki zo ki sayar min."

Ya zaunar da ni ya koya min. A duhu ƙirin ake zura fim a holda, wani allo ne siriri mai marfi da ake ja. A gefen kowane falle akwai 'yar tsaga. In ta zo ƙarƙashin yatsanki na dama ta sama, fuskar fim ɗin na kallonki, haka za ki zura. Ya duba idon kyamarar ya ce abin da ke buɗewa ya rufe da kansa ya mutu murus, don haka da hannu zan cire murfin idon, in ƙirga ɗaya, in mayar. Sannan ruwan wanki: kada in yarda da na famfo a zafin nan, zai saɓule hoton daga jikin fim. In nemi ruwan randa ko in jefa ƙanƙara.

Falle na farko ni na kashe shi da hannuna. Ina ɗakin duhu na difatmen, na toshe ƙasan ƙofa da ɗankwali, fim na hannuna, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Allah kuwa ban san lokacin da na zaro ta ba. Ɗakin ya yi kore fayau. Tes ne daga 'yar ɗakinmu wai ina na ajiye cokalinta. Sa'ar da na ci, sauran ukun na cikin kwali a rufe. Da na faɗa wa Baba, bai ko ɗago daga firam ɗin da yake bugawa ba. "'Yan zamani. Gobe ki shiga da fitilar mota."

Ranar ɗauka Kawu ya dawo daga coci ya ƙi cire babbar riga. Muka fito da kujera tsakar gida, inuwar bishiyar gwaiba. Na shiga ƙarƙashin baƙin zane na leƙa gilashin baya, sai ga Kawu ƙafa a sama kai a ƙasa. Na kwashe da dariya. Mama ta ce sai ta gani, ta leƙa, ta fito tana tafa hannu: "Malam, yau ga ka kamar jemage!"

Na daidaita har ina ganin furfurar girarsa, na zura holda, na ja marfi.

"Kawu, sakan ɗaya kawai. Kada ka motsa."

Ya cije leɓe, ya danne hannu da hannu. Na cire murfi, ɗaya, na mayar.

Na wanke shi yadda aka koya min, tire uku, ƙanƙara daga mai zoɓo, waya a wajen ƙofa cikin takalmi. Da na kunna fitila na ɗaga nagetif ɗin, wato fallen da na wanke, sai da na yi ihu. Aikin rigar nan ya fito zare-zare, ganyen gwaiba, har tsagar bango. Sai na kai ido sama. Inda fuska take kamar an shafa da yatsa kafin fenti ya bushe.

Ban nuna masa ba, na ce maganin wankin ne ya tsufa. A zama na biyu Mama ta kawo dabara: ta tsuguna a bayan kujera, ta lulluɓa da zane mai duhu, ta riƙe masa ƙeya da hannu biyu.

"Ke za ki karya min wuya."

"Yi shiru, Malam, da can wa ke riƙe da kai in ba ni ba?"

Muka yi ta dariya har sai da na jira ƙafafun kyamara suka daina rawa. Wannan ya ɗan fi, ido ya fito. Amma haɓa da baki sun zama biyu-biyu, ga yatsun Mama huɗu a bayan kunnensa. Wannan karon ya matsa sai ya gani. Na buga duka biyun a takarda na kai masa. Ya sa tabarau, takardar na rawa a hannunsa, sai da ya ajiye ta a kan tebur kafin ya iya kallo.

"Kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa," ya ce. Mama ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya jawo ɗayan, mara fuskar, ya daɗe a kansa. "Ashe haka kuke ganina."

Na tattara takardun na mayar a jaka.

Na koma wajen Baba kamar zan yi kuka. Ya ce akwai hanya ɗaya. A zaunar da shi a ɗaki mai ɗan duhu, in cire murfi, in danna fulash, fitilar walƙiyar nan ta masu hoto, da hannu, in mayar. Hasken ya fi karkarwar sauri, ko tsuntsu ne a sama zai tsayar da shi. Ya ara min wani tsohon fulash nasa. Na fito ina tsalle, na tura wa Mama tes: an samu laƙani!

A makon ne mai sito ya aiko cewa Juma'a da safe yake son kayansa, za a ƙirga a kulle kafin hutu. Alhamis da la'asar na isa gidan da fallen ƙarshe. Na kafa kyamara a falo, na saki labule, na yi wa Kawu bayani dalla-dalla, har na danna fulash ɗin sau ɗaya ya gani.

Ya ce, "Wato ko ina rawa zai nuna na tsaya."

"Ƙwarai, Kawu! Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani." Ya ɗaga ido ya kalli bango. "Shi ba a yi masa walƙiya ba. Zama ya yi."

Na roƙe shi. Na ce gobe za a karɓe kyamarar. Mama ta sa baki, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce taurin kan nan ne ya hana shi zama sufeton makarantu. Kawu ya ce likita a asibitin Shika ya canza masa magani, wani lokaci da yamma yakan lafa. A ɗaga labule, a ajiye abin walƙiyar nan. Ni in shiga cikin zanen in riƙa dubawa a gilashi, da zarar na ga ya tsaya in faɗa masa, sai mu ɗauka.

Na shiga. Zafi kamar tanda, gumi na shiga min ido. A gilashin ga Kawu a kife, ya gyara hula, ya ɗora hannu a gwiwa, yana ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta fito. Kan na tafiya hagu da dama. Hasken taga ya fara ja baya daga kan rigarsa, na san in ya bar kafaɗa ko sakan uku ba za su isa ba. Na ji Mama ta tashi ta shige kicin, ta rufo ƙofa a hankali.

"'Yar nan, yanzu fa?"

"Saura kaɗan, Kawu."