Kifin da Ban Auna Ba

A shekarar da aka sauke tutar Faransa na sauka Gaya, ni kaɗai, ban san kowa ba. Wani ma'aikacin biro, wato ofishin kula da ruwa da daji, ya ɗauke ni aiki saboda na iya rubutu, ko da yake ajami ne.

Aikin gwada raga biyu ne. Ɗaya sabuwa ce ta gwamnati mai idon yatsa huɗu, ɗaya ta wani dattijon masunci, wadda ya saƙa da hannunsa. Wadda ta fi kama ƙananan kifi za a hana kamun kifi da ita. Kowace safiya nakan zauna a bakin kogi da katakon awo, in auna tsawon kowane kifi, in rubuta a kaye, wato littafin rubutu, ran Juma'a in karanta wa ma'aikacin. Masunta ba sa zama kusa da ni. Ko a masallaci sallama ce kawai. Ni kuma ina tsoron ruwa, ban taɓa shiga jirgi ba.

Lissafina ya nuna ragar dattijon kusan ƙanana kaɗai take kamawa. Aka ƙwace ta, aka kulle a biro. Sai na riƙa ganin dattijon zaune a gindin mangwaro, hannu wofi.

Wata mai ƙyafe kifi ce ta tare ni.

"Malam mai katako, ka auna na marayu kuwa?"

"Waɗanne marayu, Inna?"

"Kai dai baƙo ne! Kafin dattijon nan ya iso wurinka, sai ya tsaya ya ba iyalan waɗanda kogi ya ci manyan kifayensa. Haka ubansa yake yi. Saura kake aunawa."

Ranar na kasa cin abinci. Na je na faɗa wa ma'aikacin cewa kayen nan bai da amfani, kuma laifina ne. Ya yi faɗa sosai, amma ya yarda a sake gwajin.

Wannan karon na shiga jirgin dattijon. Ina salati, ina riƙe da gefe, ina auna kifi tun yana fitowa daga raga. Kullum muna musanya wa ragogin wuri, don kada ɗaya ta ci albarkacin gurbi. Dattijon yana tuƙi, bai kula ni ba har muka gama. Ragarsa ta fito daidai da ta gwamnati, bambancin bai kai a yi magana ba.

Ni na ɗauko ta a kai daga biro har ƙofar gidansa.

"Baba, na ɗauki hakkinka. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana duba inda ɓera ya ci ragar a biro. Sannan ya miƙo mini zare.

"Na yafe. Zauna, Malam, riƙe mini nan."