Sa Hannun Dakta Fikriyya

Shekara goma sha tara Dakta Fikriyya el-Gindi ta yi a wani ɗan ofis da ke bayan asibitin kamfaninmu, a tashar jiragen ruwa ta Suez. Ba ita ke gwada fitsarin ma'aikata ba. Nata aikin shi ne, in sakamako ya nuna ƙwaya, ta kira mutum, ta ji ta bakinsa, ta duba takardar likitansa, sannan ta sa hannu: ko ya koma aiki, ko ya tafi gida. Ni ce nas ɗin da ke shigo mata da su.

Babu labarin da ba ta ji ba.

"Wallahi Likita, biki na je, na kusa da ni ne ke busa wiwi."

Sai ta cire tabarau ta murza ido. "Kai ne na huɗu a makon nan. Wai duk biki ɗaya kuka je?"

Wata Talata aka kawo Baba Subhi, mai tuƙa injin ɗaga kwantena, saura shekara biyu ya yi ritaya. Tiramol aka samu a fitsarinsa.

"Ina takardarka, Baba?"

"Babu, 'yata. Ragowar na matata ne, Allah ya jiƙanta. Bayan nan nawa, in na hau tsani sai in ji kamar an soka min ƙusa."

"Da wani ne, da cewa zai yi takardar ta ɓata."

"Na tsufa da ƙarya."

Ta kwantar da shi ta duba bayan, ta tura shi hoto. Ciwon gaskiya ne. Amma takarda babu, don haka ta rubuta abin da ta gani ta sa hannu. Ta haɗa da wasiƙa shafi biyu tana roƙon a mayar da shi gadin ƙofa. Sau uku tana hawa bene wajen manaja. A na ukun ya ce, "Likita, ke fa naki sa hannu ne."

Aka sallami Baba Subhi. Ranar da ya zo kwasar kayansa ya leƙo ya ce mata, "Kada ki sa a ranki, aikinki kika yi." Ba ta iya ɗaga kai ba.

Bayan wata bakwai ta ajiye aiki. Yanzu tana garin Isma'iliyya wajen ƙanwarta. Da na kai mata ziyara na tarar tana gyaran wake a baranda, ta ce da ni barci take yi sosai, amma har yanzu gajiyar ba ta sake ta ba.